Yadda Ake Kafa Kamfanin Fasaha a Legas Ga Wanda Bai Iya Rubuta Manhaja Ba

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ke kasuwanci a Mile 12, Agege, Alaba Rago da Idi-Araba sun hango matsalolin da waya da intanet za su iya magancewa, amma rashin ilimin kwamfuta ya sa suna ganin wannan fage na samarin Yaba, cibiyar masu fasaha ta Legas, ne kaɗai. Wasu kuma sukan yi gaggawa su tara kuɗi su miƙa wa wani matashi ya yi musu manhaja, sai bayan watanni a wayi gari babu manhaja, babu kuɗi, wani lokaci har matashin ma a daina samunsa a waya. Na daɗe ina zama da masu irin wannan niyya, kuma tsarin da nake bi da su ya tsaya ne a kan abu guda: kana iya ba wani aikin rubuta manhaja, amma abokan ciniki da makullan kamfani dole su zauna a hannunka. Domin bayanin ya fito fili, zan riƙa misali da mutumin da ya lura cewa motocin da suka sauke tumatir da albasa a Mile 12 sukan yi kwanaki suna jiran lodin komawa Arewa, yana son ya haɗa su da masu kaya.

Abubuwan da za ka tanada

Ka samu wayar Android mai rahusa, irin Tecno ko itel da direbobi da 'yan kasuwa suka fi riƙewa, ban da babbar wayarka, domin a kanta za ka gwada duk abin da aka gina. Ka sayi sabon layi ka buɗe sabon imel da sunan aikin, kada ka haɗa su da naka na gida. Ka sauke WhatsApp Business, ka koyi cika jadawali a Google Sheets, ka kuma ajiye littafin rubutu mai kauri. Lambarka ta NIN za ta yi amfani wajen rajista. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana sauƙaƙa aiki, kuma ta hannu mai kyau daga Computer Village a Ikeja ta isa, amma rashinta ba ya hana matakai biyu na farko.

Kuɗin da za ka ware ya zama wanda idan ya salwanta jarin shagonka da abincin gidanka ba za su girgiza ba. Ka kasa shi uku: na gini, na gyara da kula da abin da aka gina, da na neman abokan ciniki. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba duka a gini.

Kana kuma buƙatar mutum biyu tun kafin ka ɗauki ma'aikaci ko ɗaya: lauyan da ya saba da harkar kamfanoni, da gogaggen injiniyan manhaja wanda zai riƙa duba maka aiki lokaci-lokaci kana biyansa, amma ba shi zai yi ginin ba. Idan ba ka san irin wannan injiniya ba, tarurrukan da ake yi a cibiyoyin fasaha na Yaba wuri ne na samunsa.

Mataki na 1: Tabbatar da matsalar daga bakin masu ita

Ka rubuta matsalar a jimla ɗaya wadda babu kalmar manhaja a cikinta, misali: mai mota yana asarar kwanaki da kuɗin ciyar da direba da yaron mota kafin ya samu lodin komawa. Daga nan ka je inda masu matsalar suke, ka zauna da aƙalla mutum 30 ɗaya bayan ɗaya.

Yadda ake tambayar ya fi yawan mutanen muhimmanci. Idan ka ce wa dattijo, "Alhaji, idan na yi abu kaza za ka yi amfani da shi?" kara da kawaici za su sa ya amsa da "Madalla, Allah ya sa albarka," kai kuma ka tafi kana lissafa shi cikin masu saye. Addu'a ce ya yi maka, bai yi alkawarin ciniki ba. Tambayar da ke fitar da gaskiya ita ce ta abin da ya riga ya faru: "Alhaji, zuwan motarka na ƙarshe kwana nawa ta yi kafin ta samu lodi? Wane ne ya samo shi? Nawa aka ba shi kamasho? Ka taɓa yin asarar kaya ta wannan hanyar?" Ka rubuta amsoshin da kalmominsu. Kada ka sa iyalanka da abokanka cikin lissafin, domin su ba za su so su karya maka gwiwa ba.

Ka kuma gano waɗanda suke cin abinci da tsarin da ake kai yanzu. A misalinmu dillalai da 'yan kamasho da shugabannin ƙungiyar direbobi su ne suke riƙe da amana tsakanin mai kaya da mai mota, kuma duk kamfanin da ya shigo da niyyar ture su zai tarar da ƙofa a rufe. Ka fara da gaishe da shugabannin kasuwa, ka nemi hanyar da dillali zai samu nasa a cikin tsarinka. Game da tsoron satar tunani kuwa, bai kai ya hana ka magana ba, domin abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne yardar da mutanen kasuwa suka yi da kai.

Mataki na 2: Yin aikin da hannu kafin a gina komai

Wannan shi ne matakin da masu zumuɗi suke tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne tsimin kuɗi. Ka fara ba da hidimar da waya da littafi kawai. Direba ya turo saƙon murya cewa ya sauke kaya yana neman lodin Kano, ka shigar da sunansa da lambar motarsa da girmanta a jadawali, ka kira masu kayan da ka tara lambobinsu, ka haɗa su, ka bi sawun tafiyar har kaya su isa. Ka karɓi kuɗin hidimarka tun daga ciniki na farko, ko da kaɗan ne, domin wanda ya karɓi abu kyauta bai gaya maka komai game da darajarsa ba.

Ka yi wata biyu zuwa uku a haka, kana rubuta mutum nawa suka nema, nawa ka biya wa buƙata, nawa suka dawo karo na biyu ba tare da ka kira su ba, da kuma inda aikin yake cije maka. Idan ba sa dawowa, to ka koma mataki na 1, kuma ka gode wa Allah da ba ka kashe kuɗin gini ba. Idan kuwa aiki ya yi yawa har kana rasa saƙonni kana kwana a kan waya, to wurin da yake gajiyar da kai shi ne abu na farko da manhaja za ta ɗauke maka.

A nan ne kuma za ka gane ko manhajar saukewa kake buƙata. Mutanen da suka fi sakewa da saƙon murya, waɗanda wayoyinsu suka cika har sai sun goge hoto kafin su sauke wani abu, sau da yawa WhatsApp ko saƙon tes ko lambar USSD irin ta bankuna sun fi dacewa da su, ita kuma manhajar ta zama ta ma'aikatanka a ofis.

Mataki na 3: Rajista da izinin hukuma

Ka yi rajista da Hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni rajista, a matsayin kamfani mai hannun jari, wato wanda sunansa ke ƙarewa da Limited. Rajistar sunan kasuwanci kawai ta fi arha, amma ba ta da hannun jarin da za ka raba wa abokin tarayya ko mai zuba jari, kuma ba ta raba dukiyarka da bashin kasuwancin. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, kuma mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa ga kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne. Bayan rajista ka buɗe asusun banki da sunan kamfanin, kada kuɗin abokan ciniki su sake shiga asusunka na kanka.

Ka sayi adireshin intanet na kamfanin da hannunka, mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, ta hannun dillalan da ƙungiyar NiRA, mai kula da adiresoshin .ng, ta amince da su. Ka sani cewa rajistar CAC ba ta kare tambarinka ba, wannan rajista ce daban a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya.

Abu biyu suna jefa sababbi cikin rigima da hukuma. Na farko, riƙe kuɗin jama'a ko tura su a madadinsu yana buƙatar lasisin Babban Bankin Najeriya, ba da rance ta manhaja kuma yana buƙatar rajista da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Hanya mai sauƙi ita ce ka karɓi kuɗi ta kamfanonin da suka riga suka samu izini, kamar Paystack ko Flutterwave. Na biyu, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora maka alhakin duk lambar waya da hoton lasisin direba da ka tara, don haka ka karɓi abin da aikin ke buƙata kawai, ka kuma gaya wa mutane abin da za ka yi da shi.

Mataki na 4: Rubuta abin da za a gina

Injiniya ba ya ganin abin da ke cikin kanka, kuma duk abin da ba ka rubuta ba zai cike shi da hasashensa. Ka ɗauki farar takarda ka zana kowane shafin waya da biro, sannan ka rubuta a ƙasansa abin da mutum zai danna da abin da zai biyo baya. Ka rubuta shi dalla-dalla kamar haka: direba ya zaɓi garin da zai koma, ya zaɓi girman mota, ya danna maɓalli ɗaya, saƙo ya tafi wa masu kayan wannan garin. Sannan ka rubuta abin da zai faru idan abu ya ɓaci, domin nan ne sanin kasuwarka ya fi na injiniya: idan sabis ya ɗauke tsakanin Jebba da Mokwa fa, idan kuɗi sun fita daga asusun mai kaya ba su iso ba fa, idan direba ya karɓi lodi biyu a lokaci guda fa?

Ka kai zanen nan wurin mutum biyar daga cikin abokan cinikinka, ka miƙa musu ba tare da bayani ba, ka ga inda suke tsayawa. Bayan haka ka soke duk abin da aikin zai iya tafiya ba tare da shi ba. Taswira mai motsi da tsarin ba da maki da harsuna huɗu duk suna iya jira. Idan kana da hali, mai zane zai mayar da takardun samfuri a manhajar zane ta Figma, wanda ake dannawa kamar manhajar gaske.

Mataki na 5: Zaɓen wanda zai yi ginin

Hanyoyi uku ne. Abokin tarayya mai ilimin fasaha shi ne mafi alheri idan fasahar ce zuciyar kasuwancin, domin zai zauna da abin yana gyarawa shekara da shekaru, amma samun nagari yana ɗaukar lokaci. Ɗan kwangila mai zaman kansa ya fi arha da sauri, haɗarinsa shi ne ya samu aiki mai tsoka ya bar naka a rabi. Kamfanin kwangila ya fi tsari da tsada, kuma kowane ƙaramin canji sai an sake lissafi. Ga wanda ya gama mataki na 2 da hujja a hannu, ina fifita ya fara da ɗan kwangila a ƙaramin aiki, idan an ga hali da ƙwarewa sai a yi maganar tarayya.

Yaba ce cibiyar masu wannan sana'a, saboda Jami'ar Legas da Kwalejin Fasaha ta Yaba da cibiyar CcHUB da ke kan titin Herbert Macaulay, wadda Bosun Tijani ya kafa tare da abokinsa kafin ya zama ministan sadarwa a 2023. Sai dai ka sani ƙwararru da yawa suna yi wa kamfanonin waje aiki daga gida ana biyansu da dala, don haka farashin da ya yi arha fiye da kima alama ce ta ɗan koyo ko wanda ya tara ayyuka fiye da ƙarfinsa.

Wajen tantancewa, ka nemi manhajar da ya taɓa yi wadda mutane ke amfani da ita yanzu, ka sauke ta a wayarka mai rahusa, ka kuma kira wanda ya yi wa aikin ka tambaye shi yadda suka rabu. Ka ce ya bayyana maka yadda zai gina naka. Wanda ya san aikinsa yana iya faɗinsa da maganar da za ka fahimta, kuma zai yi maka tambayoyi masu yawa har ya ce wani abin ba ya yiwuwa a wannan kuɗin. Wanda yake amsa komai da "ba matsala" shi ne abin tsoro. A ƙarshe ka ba shi aikin mako biyu ka biya shi, injiniyan da ke ba ka shawara ya duba.

Mataki na 6: Yarjejeniya da makullai

Mai gida ba sai ya iya aza bulo ba, amma ba ya barin takardar fili a aljihun magini. Kafin a rubuta layi ɗaya na manhaja, ka buɗe waɗannan asusu da imel da layin kamfani, kalmomin sirrinsu a hannunka: adireshin intanet, ma'ajiyar rubutun manhaja a GitHub, sabar, wato kwamfutar da ke kan intanet wadda manhajar za ta zauna a kai, asusun Google Play, da asusun karɓar kuɗi. Injiniya za ka gayyata ya shiga a matsayin ma'aikaci, da izinin da za ka iya cirewa. Idan ya ce zai buɗe da nasa don a yi sauri daga baya ya mayar maka, ka ƙi cikin mutunci. Mafi yawan rigingimun da ake kawo mini daga wannan "daga baya" suka taso, inda ranar da aka saɓa sai mai kamfani ya tarar ba shi da ikon shiga shafinsa.

Yarjejeniyar kwangila ta ƙunshi abin da za a gina, wa'adin kowane sashe, da sharaɗi ƙarara cewa duk abin da aka rubuta mallakar kamfani ne. Wannan sharaɗin ba ado ba ne, domin a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya haƙƙin aiki yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙire shi sai an rubuta akasin haka. Biya ya zama kashi-kashi: kaɗan na somin aiki, sauran kuma bayan ka gwada kowane sashe da hannunka kuma rubutunsa ya shiga ma'ajiyarka. Ka riƙe kashin ƙarshe har wata guda bayan fara amfani, a kuma rubuta wa'adin gyaran kurakurai kyauta.

Idan tarayya za ku yi, kada a raba hannun jari a ranar farko a miƙa gaba ɗaya. Tsarin da aka saba a kamfanonin fasaha shi ne rabon kowa ya riƙa tabbata a hankali cikin shekara 4, wanda ya tafi kafin cika shekara 1 kuma ba ya tafiya da komai. Sharaɗin ya hau kanka kai ma, shi ne adalci, kuma shi ke sa ɗayan ya yarda. Kada ka yi rowa ga abokin tarayya na gaske, wanda ya bar albashi ya zo ba zai zauna a kan kashi 5 cikin 100 ba. A rubuta wanda ke yanke hukunci a kan me, da yadda za a rabu idan zama ya ƙi. Wasu suna jin nauyin kawo takarda tsakaninsu da ɗan'uwa ko ɗan aboki, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu.

Mataki na 7: Kula da aiki da fitar da shi

Ka tsayar da rana ɗaya a kowane mako da za a nuna maka abin da ke aiki a kan wayarka. Gani ya kori ji, kuma "mun kai kashi 90" ba rahoto ba ne. Ba sai kun kama ofis ba, cunkoson Legas zai cinye ranar wanda ke tasowa daga Agege zuwa Yaba, don haka kiran bidiyo da haɗuwa ido da ido sau ɗaya a wata sun wadatar. Duk sabon tunanin da ya zo maka a tsakiyar aiki ka rubuta shi a littafi ya jira zagaye na gaba.

Ka nemi a rubuta maka kuɗin da manhajar za ta riƙa ci kowane wata, domin da yawa daga cikinsu da dala ake lissafa su, kuma tun sauyin tsarin canjin naira da dala na 2023 wannan ya yi nauyi. Asusun Google Play dala 25 ne sau ɗaya, na Apple dala 99 kowace shekara, kuma ga abokan ciniki irin na misalinmu Android kaɗai ta isa a farko. Idan an gama, ka fara da mutum 20 daga tsofaffin abokan cinikinka, ka zauna kusa da su kana kallon yatsunsu, kuma kada ka rufe tsohuwar hanyar WhatsApp sai sabuwar ta yi makonni ba ta faɗi ba.

Mataki na 8: Neman jari daga waje

Kada ka nemi mai zuba jari sai kana iya faɗin lambobi uku ba tare da duba takarda ba: abin da ke shigowa a wata, abin da kake kashewa kafin ka samu abokin ciniki ɗaya, da adadin waɗanda suke dawowa. Labarin sayen Paystack da kamfanin Stripe na Amurka ya yi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200 ya sa mutane da yawa suna ganin neman jari shi ne aikin, amma kamfanin da kuɗin abokan ciniki ke ɗauke da shi ya fi ƙarfin ciniki a gaban kowane mai kuɗi.

Ka fara da hanyoyin da ba sa cin hannun jarinka. Gidauniyar Tony Elumelu tana ba waɗanda ta zaɓa horo da dala 5,000, asusun samar da aikin yi na Jihar Legas, wato LSETF, yana da shirye-shirye ga mazauna jihar masu katin shaidar zama a Legas na LASRRA, dokar ƙananan kamfanonin fasaha ta 2022 kuma ta tanadi shaida ta musamman ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, ga kamfanin da bai wuce shekara 10 ba, wadda ke buɗe ƙofar wasu sassaucin haraji. Idan shirin rance ne, ka tambayi ko akwai kuɗin ruwa tun kafin ka cika fom. Idan kuma wani Alhaji a kasuwa ne zai sa kuɗi, a fayyace a rubuce ko bashi ne ko hannun jari, kashi nawa ya saya, kuma a gaya masa ƙarara cewa irin wannan kamfani yakan yi shekaru bai raba riba ba. Lauyanka ya karanta kowace takarda kafin ka sa hannu, kuma duk canjin masu hannun jari a shigar da shi a CAC cikin wa'adin da doka ta tsara.